Safar Hana Gudan Jini: Ina Gyaran Yake?

Akwai wata irin mutuwa da ke tsaya wa likitocin tiyata a rai fiye da saura. An yi aiki lafiya, ɗinki ya fara kamewa, har ana maganar sallama. Ran nan mara lafiya ya yunƙura zai zaga bayi, sai numfashi ya sarƙe, ƙirji ya ɗauki ciwo, kafin a jawo tukunyar iska rai ya yi halinsa. Dangi su ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai kwanan yana da sanadi, sanadin kuwa sau da yawa daga ƙafa ya taso. Jini ne ya daskare ya zama guda a cikin jijiyar da ke can ƙarƙashin tsokar sharaɓa, gudan ya yi ta tsawo har ya kai cinya, sannan ya ɓalle, ya ratsa ta zuciya, ya je ya toshe hanyar jinin huhu.

A 2005 kwamitin lafiya na majalisar dokokin Birtaniya ya ƙiyasta cewa mutum kusan 25,000 ke mutuwa duk shekara a Ingila saboda gudan jinin da kwanciyar asibiti ta jawo musu. Masana sun yi ta jayayya a kan adadin daga baya, amma ya isa ya sa hukumar lafiyar ƙasar ta wajabta, tun daga 2010, a auna haɗarin gudan jini ga duk baligin da aka ba gado. A 2008 kuma wani babban bincike mai suna ENDORSE ya duba majinyata sama da 68,000 a asibitoci 358 na ƙasashe 32. Fiye da rabinsu suna cikin haɗari. A cikin masu haɗarin, kashi 58.5 cikin 100 na ɓangaren tiyata ne kawai suka samu kariyar da ta dace, a sauran ɗakunan kwanciya kuwa kashi 39.5.

Kariyar ko dai magani ce, wato allurar tsinka jini irin ta hefarin, ko kuma matsi daga waje. A cikin kayan matsin, wanda ya fi yaɗuwa shi ne farar safar nan mai ɗan rami a wajen yatsu. Ba ta bukatar wuta, ba ta sa zubar jini, kuɗinta bai kai na allura ba, shi ya sa asibitocin Turai da Amurka suka shafe shekaru suna zura wa kusan kowa ita. Yau kamfanoni da jami'o'i suna ta ƙoƙarin inganta ta da sabon zare da na'urori. Ƙoƙarin yana da kyau, amma ni a ganina mafi yawan aibin safar ba a masaƙa yake ba. Yana tsakanin safar da ƙafar da aka sa wa, da kuma wanda ya yanke shawarar a sa.

Zuciya ita ke tura jini zuwa ƙafa, amma dawowarsa aikin tsoka ne. Duk takun da mutum ya yi, tsokar sharaɓa tana matse jijiyoyin da suka ratsa ta, jini ya haura, wasu 'yan marafai da ke cikin jijiyar su rufe su hana shi gangarowa. Wanda ke kwance ba motsi, ko aka gusar masa da hankali don tiyata, ko ɓarin jikinsa ya shanye, wannan aiki ya tsaya masa. Jijiyoyin su saki su buɗe, jini ya kwanta a lungunan bayan marafan, a nan gudan ke fara ƙulluwa. Abubuwa uku ake koya wa ɗalibin likita a matsayin tushen daskarewar jini, ana jingina su ga likitan Jamus Rudolf Virchow wanda ya yi rubutu a kan lamarin a 1856: jini ya daina gudu, ko bangon jijiya ya ji rauni, ko jinin kansa ya ƙara saurin daskarewa. Babbar tiyata tana haɗa wa mutum duka ukun a rana ɗaya. Safa kuwa na farkon take yaƙa. Idan ta rage faɗin jijiya, jinin da zai wuce dole ya ƙara sauri.

Hikimar safar tana cikin yadda matsinta ke raguwa daga ƙasa zuwa sama. Wani injiniya ɗan asalin Jamus mai suna Conrad Jobst, mazaunin Toledo a jihar Ohayo ta Amurka, ya yi fama da ciwon jijiyoyin ƙafa. Ya lura idan ya tsaya a cikin tafkin ninƙaya ƙafar tana yi masa sauƙi, domin ruwa ya fi danna idon sawu, dannawar tana raguwa yayin da ake hawowa. Wajen 1950 ya ƙera safar da ke kwaikwayon hakan. A 1975 Bernard Sigel da abokan aikinsa a Amurka suka gwada matsi iri-iri a kan mutanen da ke kwance, suka fitar da tsarin da ya fi hanzarta jini a jijiyar cinya. Da ma'aunin da ake awon hawan jini da shi, tsarin shi ne 18 a idon sawu, 14 a sharaɓa, 8 a gwiwa, 10 a ƙasan cinya, 8 a samanta. Har yau a kan waɗannan lambobi ake saƙa safar asibiti.

A lura cewa na kwance aka yi wa wannan lissafi. Mutum idan ya miƙe tsaye, nauyin jinin da ke cikin jijiyar idon sawunsa yakan kai wajen 80 zuwa 90, matsin 18 ba zai iya da shi ba. Saboda haka safar asibiti dabam take da wadda ake ba masu kumburarrun jijiyoyi ko gyambon ƙafa, wadda ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Rikita su biyun kuskure ne da ake yawan yi a kantin magani.

Safar ba da ka aka karɓe ta ba, tana da hujja. Ƙungiyar Cochrane, mai tattara gwaje-gwajen lafiya tana tace su, ta haɗa gwaji 20 a bitarta ta 2018, kusan dukkansu a kan waɗanda aka yi wa tiyata. Kashi 9 cikin 100 na masu safa ne suka samu gudan jini, marasa safa kuwa kashi 21. Ragi ne na fiye da rabi. Sai dai yawancin gwaje-gwajen nan tsofaffi ne, na shekarun 1970 zuwa 1990, zamanin da ake tsaga ciki da faɗi kuma mara lafiya ya shafe kwanaki bai sauko daga gado ba. Galibin gudajen da aka gano ma ƙanana ne a sharaɓa, waɗanda na'ura ce ta gan su, mai su bai ji komai ba.

Daga birnin Edinbura na Birtaniya aka fara girgiza wannan yarda. Farfesa Martin Dennis ya jagoranci jerin gwaje-gwaje uku masu suna CLOTS a kan masu shanyewar ɓarin jiki, mutanen da ƙafarsu ba ta motsi kuma ake tsoron ba su maganin tsinka jini kada ya zuba a ƙwaƙwalwa. In akwai wanda safa za ta yi wa rana, ai su ne. Gwajin farko, wanda aka buga a 2009, ya ƙunshi majinyata 2,518 a asibitoci 64 na Birtaniya da Italiya da Ostareliya. Rabi aka sa musu safa har cinya, rabi ba a sa ba. Gudan jini a manyan jijiyoyi ya samu kashi 10 cikin 100 na masu safa, da kashi 10.5 na marasa ita, wato babu wani bambancin a zo a gani. Inda bambancin ya fito shi ne fata. Kashi 5 cikin 100 na masu safa sun samu saɓulewar fata ko bororo ko gyambo ko mutuwar nama, a marasa safa kuwa kashi 1 ne. An je neman ƙiba an samo rama.

Gwaji na biyu, na 2010, ya ƙara ɗaure kai. An kwatanta safa mai kaiwa cinya da mai tsayawa ƙasan gwiwa a majinyata 3,114. Masu doguwar sun samu gudan jini kashi 6.3, masu gajeriyar kashi 8.8. To, idan doguwar ba ta fi rashin safa ba, amma ta fi gajeriyar, me ke nan? Ko dai doguwar tana da ɗan amfanin da gwajin farko bai kama ba, ko kuwa gajeriyar tana ƙara haɗari, watakila don bakinta yana shaƙe jijiyar bayan gwiwa. Kowace fassara aka ɗauka, abu ɗaya ya tabbata: safa ba kaya ba ce da za a ce in ba ta yi amfani ba, ai ba ta yi illa ba. A 2011 ƙungiyar likitocin cututtukan manya ta Amurka ta ba da shawarar a daina sa ta ga majinyatan da ba na tiyata ba, hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila kuwa tun a 2010 ta hana sa ta ga wanda ɓarin jikinsa ya shanye.

Gwaji na uku, na 2013, shi ya nuna mafita ga waɗannan bayin Allah. An naɗa wa ƙafafunsu wata riga mai hura iska tana sacewa, tana matsa tsoka tana saki kamar mai tafiya. A majinyata 2,876, gudan jini ya sauko daga kashi 12.1 zuwa 8.5. Ashe ga ƙafar da ta mutu, matsin da ke tsaye wuri ɗaya bai wadatar ba, sai mai zuwa yana dawowa.

Saura masu tiyata, inda safar ta fi ƙarfin hujja. A 2020 aka buga gwajin GAPS, wanda likitocin Imperial College ta Landan suka jagoranta a asibitoci bakwai. An ɗauki majinyata kusan 1,900 da aka shirya yi wa tiyata, duka aka ba su allurar hefarin, rabi aka ƙara musu da safa. Masu allura kaɗai kashi 1.7 suka samu gudan jini, masu allura da safa kashi 1.4. Tazarar ba ta wuce abin da sa'a kan haifar ba. An ƙiyasta a lokacin cewa Ingila na kashe fam miliyan 63 a shekara wajen sayen wannan safa, don haka asibitoci da dama suka fara janye ta daga wanda ke samun allura. Makamancin haka ya faru da rigar iskar ma: gwajin PREVENT na 2019, wanda Yaseen Arabi ya jagoranta daga Riyad a kan majinyata 2,003 na ɗakin kulawa ta musamman, ya nuna ƙara ta a kan allura bai rage komai ba.

Wanda ya karanta wannan da gaggawa zai ce zamanin safa ya wuce. Ban yarda ba, kuma dalilina yana cikin tambayar da GAPS ya yi. Ya tambaya ne ko safa tana ƙara wani abu ga wanda ya riga ya samu allura a kan lokaci. Bai ce komai ba game da wanda ba zai samu allurar ba. Irin waɗannan kuwa suna da yawa: wanda aka yi wa aiki a ƙwaƙwalwa ko laka, wanda ya yi haɗarin mota yana zubar da jini a ciki, mace da ta zubar da jini wajen haihuwa, mai gyambon ciki da ke amayar da jini. Sannan ga waɗanda aljihu ya hana. A asibitocinmu na Najeriya da Nijar dangi ne ke sayen magani, kuma allurar hefarin irin Clexane kullum ake yin ta, wani lokaci har makonni bayan sallama. Gidan da ya sayar da akuya ya biya kuɗin tiyata, sau da yawa a nan ƙarfinsa ke ƙarewa. Majinyacinmu da ya zo a makare, aka tsaga cikinsa da faɗi, ko aka rataya wa karyayyiyar cinyarsa nauyi ya shafe makonni a kwance, ya fi kama da mutanen tsofaffin gwaje-gwajen nan da safa ta amfana, fiye da na Landan da ake yi wa aiki ta 'yar huda ya koma gida washegari. Saboda haka gyaran safar ya fi shafarmu fiye da su.

An daɗe ana cewa gudan jini ba ciwon Afirka ba ne. Denis Burkitt, likitan da ya yi aiki a Yuganda, ya rubuta a 1972 cewa ba a cika ganinsa a karkarar Afirka ba. Binciken gawarwaki da aka yi daga baya, har da na Asibitin Koyarwa na Ibadan, ya nuna yana nan, rashin na'urar gani ne ya ɓoye shi. Muna ma da abin da ke ƙara mana haɗari. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, jininsu kuwa ya fi saurin daskarewa. Ciki yana ninka haɗarin sau huɗu zuwa biyar, makonni shida na farkon jego sun fi haka, balle idan da tiyata aka ciro jaririn.

To, me ke lalacewa tsakanin masaƙa da ƙafa? A masana'anta ana gwada safa a kan na'ura ko ƙafar roba mai santsi, wadda ba ta da ƙashi kuma ba ta kumbura. Ƙafar mutum ba haka take ba. Akwai wata ƙa'ida ta lissafi da ake jingina wa masanin Faransa Laplace: idan ƙarfin jan zare ɗaya ne, matsi yana ƙaruwa a inda lanƙwasa ta fi tsini. Shi ya sa safa ɗaya take cin kaifin ƙwauri da agara da dunduniya, alhali a lungun bayan idon sawu kusan ba ta taɓa fata. Tsoho mai siririn ƙwauri da mace mai kaurin sharaɓa, ko da an ba su lamba ɗaya, ba matsi ɗaya suke samu ba.

Wasu likitocin ƙashi a Ingila sun auna matsin a jikin majinyatansu kai tsaye, suka buga sakamakon a 2000. Kashi 98 cikin 100 na safunan ba su ba da tsarin Sigel ba. Fiye da rabi ma, a wani lokaci cikin jinyar, matsinsu ya juye, ya fi ƙarfi a sama fiye da ƙasa, kuma masu juyayyen matsin sun fi samun gudan jini. A 2008 wasu ma'aikatan jinya biyu a jihar Teksas ta Amurka sun duba majinyata 142 bayan tiyata, suka tarar kashi 26 cikin 100 an ba su lambar da ba tasu ba, kashi 29 kuma ba a sa musu daidai ba. Matsalar ta fi yawa a doguwar safa da kuma masu ƙiba. Abin da ke faruwa sananne ne ga duk wanda ya yi jinya: safar ta zame daga cinya, ta naɗe ta zama igiya a bayan gwiwa, ko mai jinya ya ga ta yi tsawo ya ninke bakinta. Ninki biyu matsi biyu ne. A lokacin ta zama tamkar robar da nas ke ɗaure dantse da ita kafin ta ɗebi jini, tana tare jinin da aka sa ta don ta kora.

Akwai kuma ruɗanin lamba. Abin da Birtaniya ke kira aji na biyu matsinsa 18 zuwa 24 ne, na Jamus 23 zuwa 32, na Faransa 15 zuwa 20. Kasuwarmu tana karɓar kaya daga ko'ina, har da waɗanda babu adadin matsi a jikin kwalinsu sam, sai ƙarami da matsakaici da babba. Wanda aka rubuta masa aji na biyu bai san wanne zai samu ba.

Gyare-gyaren da ake yi a fasaha suna bin waɗannan ramuka ne. Wasu kamfanonin Jamus suna ɗaukar siffar ƙafa da na'urar hoto mai zagaye jiki, a saƙa safa daidai da ita. Masu bincike suna saka 'yan na'urorin jin matsi a cikin zare don su faɗakar idan safa ta saki ko ta shaƙe. Ana sa ɗigon roba mai kama fata a baki don hana zamewa, ana yi wa dunduniya aljihu mai launi don a gane ta zauna daidai. A Faransa da Italiya an gwada juya tsarin da gangan, a fi matsa sharaɓa inda jini ya fi taruwa, amma a kan masu ciwon jijiyoyin ƙafa masu tafiya aka gwada, ba a kan na kwance ba. Akwai ma wata 'yar na'ura mai batir, geko, da ake mannawa a gefen gwiwa tana motsa tsoka da ɗan lantarki, wadda NICE ta amince da ita a 2014 ga wanda sauran hanyoyi ba su dace da shi ba.

A cikin duka, wanda ya fi burge ni shi ne mafi sauƙi. Akwai bandejin da ake buga wa zane a jiki, idan aka ja shi daidai gwargwado sai zanen ya koma cikakken da'ira ko murabba'i, kowa ya gani da idonsa. Akwai kuma naɗi mai maɗauri da ake sassautawa ko ƙara ɗaurewa gwargwadon kumburi. Irin wannan dabara ce ta dace da ɗakin da nas ɗaya ke kula da gadaje masu yawa, inda 'ya ko ƙanwa ce ke kwana da mara lafiya. Safar da ke nuna wa mai jinya cewa ta yi daidai ko ta kauce ta fi mana wadda ke aika saƙo zuwa kwamfuta. Farin bandejin nan mai laushi da ake naɗawa a madadin safa kuwa ba ya riƙe matsi, cikin 'yan awoyi yake saki, kuma ƙarfinsa ya dogara da hannun wanda ya naɗa.

Akwai abubuwa biyu da masu ƙera safa ba su cika sa wa a lissafi ba, kuma su ne namu. Na farko zafi. An tsara safar ne da nailan da zaren roba don ɗaki mai sanyi. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda zafi ke haura digiri 40, ga wuta tana ɗaukewa, mara lafiya zai cire ta ne kawai, kuma ba za a ga laifinsa ba. In ya daure ya bar ta, gumi ya jiƙa fata ya tausasa ta, ta fi saurin saɓulewa. Saƙa mai shan iska da saurin bushewa, wadda za ta jure wankin hannu da sabulu ba ta saki ba, wannan shi ne ingancin da ya kamata masu sayen kayan asibiti su riƙa nema. A kuma ba mutum biyu-biyu, don kada ƙafa ta zauna haka nan yayin da ɗaya ke shanya.

Na biyu launin fata. Littattafan jinya suna cewa a duba ja a dunduniya da ƙwauri, alamar farko ta cewa matsi ya fara cin nama. A baƙar fata jan ba ya fitowa. Abin da ake gani shi ne wuri ya ƙara duhu, ko ya yi shuɗi-shuɗi, ko ya yi ƙyalli, kuma sau da yawa hannu ne ke ganowa kafin ido: wurin ya fi kewayensa zafi ko sanyi, ya yi tauri ko ya yi laushi fiye da kima. Nas da aka koya wa neman ja za ta duba ta ce lafiya lau, alhali gyambo yana hanya. Ƙa'idar NICE ta ce a cire safar kullum a wanke ƙafa, a duba fata sau biyu ko uku a rana ga wanda ba ya motsi sosai. A wurinmu sai an ƙara da cewa a duba da haske mai kyau, a kuma shafa da hannu.

Kafin duk wannan akwai tambayar wanda bai kamata a sa wa ba. Wanda jijiyoyin da ke kai jini ƙafarsa suka tsuke, matsin 18 ma zai iya kashe masa yatsu, shi ya sa ake taɓa bugun jini a saman ƙafa kafin a zura safa. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji ba zai san tana cinsa ba sai an cire an ga rami. Haka mai gyambo, wanda ba baƙo ba ne ga masu sikila, da mai kumburin ciwon zuciya, da tsohuwar da fatarta ta yi siriri. Wanda aka tantance aka ga safa ta dace da shi sai a auna shi da tef, idon sawu da sharaɓa da tsawon ƙafa, kowace ƙafa dabam, a rubuta a katinsa. Bayan kwana biyu ko uku a sake awo, domin ƙafar da aka yi wa aiki tana kumbura, safar da ta yi daidai ran Litinin tana iya shaƙewa ran Laraba.

Wurare biyu na wajen gadon asibiti sun cancanci a ambata a taƙaice. Ga matafiya, safa ta yi abin kirki. A gwaje-gwajen da Cochrane ta haɗa na tafiyar jirgin sama mai tsawo, mutum 50 cikin 2,637 aka gano da gudan jini marar alama, 47 daga cikinsu ba su sa safa ba. Jirgin alhazai daga Kano zuwa Jidda yana haura awa huɗu, ban da zaman jira, don haka dattijo mai ƙiba ko wanda ya taɓa samun gudan jini ya dace ya tambayi likita kafin tafiya. Ga wanda gudan ya riga ya same shi kuwa, gwajin SOX na Kanada da Amurka a 2014 ya nuna safa mai ƙarfi ba ta hana ciwo da kumburin da ke biyo baya shekaru ba, ko da yake tana rage wa wasu nauyin ƙafa. Kuma safa ba ta narkar da gudan da ya ƙullu. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi tana ciwo, wannan na asibiti ne a ranar, ba na mai tausa ba.

Babu safar da ta kai tafiya. Saukar da mara lafiya daga gado washegarin aiki, ko da taku biyar ne, da motsa idon sawu sama da ƙasa yana kwance, da ba shi isasshen ruwa, su ne ginshiƙi. A nan al'adarmu ta tausayi takan yi mana gardama, domin mai jinya yana ganin ƙauna ita ce ya ce wa mahaifiyarsa, "Inna, ki kwanta, kada ɗinkin ya farke." Bayanin minti biyu daga nas yakan sauya wannan.

Abin da ya rage shi ne mu samar da hujjarmu. Duk manyan gwaje-gwajen da na ambata an yi su ne a inda allura take a wadace kuma ɗaki yake da sanyi. Tambayar da ta dame mu dabam ce: ga macen da aka yi wa tiyatar haihuwa, ko mai karayar cinya, wanda ba zai samu hefarin ba, shin safar da aka auna da kyau tana ƙara wani abu a kan tashi da wuri, kuma nawa take jawowa na raunin fata a cikin zafinmu? Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da Asibitin Ƙashi na Dala, da babban asibitin Yamai suna ganin isassun majinyata da za su amsa wannan idan suka haɗa hannu. Kayan aikin ba su fi ƙarfinsu ba: tef ɗin awo, da safa daga kamfani ɗaya mai rubutaccen matsi, da 'yar na'urar da ake zurawa ƙarƙashin safa a karanta matsinta a jikin mutum, da na'urar sikanin da za a danna jijiyar cinya da ta bayan gwiwa da ita mako biyu zuwa uku bayan aiki, kamar yadda aka yi sikanin a GAPS.